Man helikirisam: tambayoyi da amsoshi kan rauni, ƙuna da tabon fata

Masu sayar da kayan gyaran jiki a WhatsApp da Instagram sun shigo da wani mai a 'yar mitsitsiyar kwalba, mai tsadar gaske, suna cewa yana haɗe rauni, yana goge tabo, yana kawar da nankarwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan zuwa daga masu niyyar saye da waɗanda suka riga suka saya suna neman yadda za su yi da shi.

Mene ne helikirisam, kuma a ina yake fitowa?

Ɗan ƙaramin tsiro ne, tsayinsa bai cika wuce gwiwa da yawa ba, ganyensa sirara masu ruwan toka, furensa ƙanana rawaya a cunkushe a kan reshe. Yana son busasshiyar ƙasa mai duwatsu da rana, shi ya sa ya yi gida a ƙasashen yankin Bahar Rum: tsibiran Kosika da Sadiniya, Italiya, Sifaniya, Fotugal, gaɓar Kuroshiya da yankin Harzegobina na ƙasar Bosniya. A kan kwalba za a ga an rubuta Helichrysum italicum, wani lokaci kuma immortelle, sunan da Faransawa ke kiransa da shi saboda furen ko ya bushe launinsa ba ya dushewa.

Idan aka murza ganyen ƙamshin kori yake yi, amma babu abin da ya haɗa shi da korin girki. Danginsa ɗaya da latas da shuwaka, kuma wannan dangantaka tana da muhimmanci ga masu borin fata, kamar yadda za a gani a amsar gwaji kafin shafawa.

Ta yaya ake fitar da man, kuma me ya sa 'yar kwalba take da wannan tsada?

Ana yanke kan tsiron da furensa a watannin Yuni da Yuli, a hanzarta kai shi wurin tacewa kafin ƙamshin ya gudu. A can ana cusa shi a babbar tukunyar ƙarfe, a tura tururin ruwa ta ƙarƙashinsa. Tururin ya kwaso sinadaran ƙamshin, ya bi ta bututun da ake sanyayawa, ya koma ruwa, sai man ya taso sama a kwashe shi. Wajen tan guda na fure ake turarawa kafin a sami lita ɗaya zuwa biyu. Ga kuɗin masu yanka, ga na wuta, ga na jigila. Shi ya sa ake sayar da shi a kwalbar mililita 5, ba a gwangwani ba.

Farashin kan hau ya sauka. Wajen shekarar 2015 manoman Harzegobina sun yi ca a kan nomansa har aka mayar da filayen duwatsu gonaki, kaya ya yi yawa, bayan 'yan shekaru farashi ya faɗi warwas. Na Kosika kuwa har yanzu shi ne kan gaba a tsada, kuma da shi kamfanin L'Occitane ke tallan mayukan fuskarsa.

Kamar man zaitun ne ko man habbatus sauda?

A'a, kuma ruɗani a nan shi ke sa mutane ƙona fatarsu. Man zaitun, man riɗi, man kwakwa da man kaɗanya matso su ake yi daga 'ya'yan itace ko iri, suna da maiƙo, ana iya lafta su a jiki kai tsaye. Na helikirisam ba shi da maiƙo sosai, yana bin iska, ba ya haɗuwa da ruwa, kuma ɗigo ɗaya ya tattara ƙarfin fure mai yawa. Ba a shafa shi zalla.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake sayarwa da sunansa. Ɗaya furen da aka jiƙa a man zaitun na makonni, wanda ƙarfinsa kaɗan ne. Ɗayan kuma ruwan da ya rage a ƙarƙashin man bayan tacewa, ana fesa shi a fuska. Yana da sauƙi ga fata amma yana saurin lalacewa.

Da gaske yana warkar da rauni, ko talla ce kawai?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma masu talla sun ja ta fiye da inda ta tsaya. Mutanen Bahar Rum sun daɗe suna amfani da tsiron kan buguwa, kumburi da ciwon fata. A ɗakin bincike ma an ga abubuwa: abin da aka tato daga tsiron yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a faranti, ciki har da wadda ke jawo maruru, kuma yana danne wasu sinadaran da ke haddasa kumburi. A 2021 masu bincike a ƙasar Sabiya sun haɗa man cikin man shafawa, suka gwada a raunin ɓeraye masu ciwon suga, suka ga ya fi saurin rufewa.

Amma faranti da ɓera daban, ɗan Adam daban. Wani nazari da masana a Fotugal suka wallafa a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi kan tsiron, ya ƙare da cewa gwaji a jikin mutane shi ne abin da ya yi ƙaranci. Gwaje-gwajen da aka yi kan mutane 'yan kaɗan ne, masu shiga cikinsu ma kaɗan, kuma sau da yawa an haɗa man da wasu mayuka, ta yadda ba za a ce wanne ne ya yi aikin ba. Ba ya cikin magungunan rauni da asibitoci suka saba amfani da su.

Ga wani abu da 'yan talla ba sa faɗa. Sinadarin da ya fi yin suna wajen kashe kumburi a tsiron, arzanol, wanda masanan Italiya suka bayyana a 2007 daga tsiron Sadiniya, nauyi gare shi, ba ya bin tururi. Da wani ruwan sinadari ake jiƙo shi. Ke nan wanda ya karanto miki amfanin arzanol sannan ya miƙo miki kwalbar man da aka tace da tururi, labarin wani abu ya ba ki, ya sayar miki da wani. A ganina wurin man shi ne fatar da ba ta fashe ba ko wadda ta riga ta rufe, a matsayin kayan gyaran jiki.

Na yanke da wuƙa a kicin, in ɗiga shi a kai?

Kada ki ɗiga. Zai yi raɗaɗi, zai iya ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin haɗuwa, kuma kwalbar da ta bi hannaye ba tsabtar asibiti gare ta ba. Ki danne wurin da tsumma mai tsabta na kamar minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba. Jini ya tsaya, ki wanke da ruwa mai tsabta yana kwarara a kai, ki wanke gefen da sabulu, ki shafa basilin kaɗan, ki rufe da filasta ko bandeji, ki riƙa canjawa kullum. Raunin da aka rufe da ɗan danshi ya fi wanda aka bari ya sha iska ya yi ɓawo saurin warkewa, duk da abin da muka taso muna ji.

Asibiti ya zama dole idan jinin ya ƙi tsayawa, ko bakin raunin ya wage yana bukatar ɗinki, ko ƙusa ce ko ƙarfe mai tsatsa ya soke ki, domin a duba batun allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Cizon kare kuwa a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare ba ya jira. Bayan kwanaki, idan wurin ya ƙara kumbura, ya ɗau zafi, ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, ƙwayar cuta ta shiga.

Yaro ya ƙone da ruwan zafi fa?

Ruwan sanyi na famfo ko na randa, a yi ta kwarara a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da makilin, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri, ban da man helikirisam. Duk wani mai da aka shafa da wuri yana riƙe zafin a cikin fata. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi ya zo, kada a fasa bororon, a rufe da abu mai tsabta marar gashi.

Idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko fatar ta yi fari fat ko baƙi kuma ba ta zafi, a kai shi asibiti nan take. Maganar man sai bayan fata ta rufe gaba ɗaya, kuma a duba amsar yara da ke gaba tukuna.

An ce ya fi aiki a kan kwanciyar jini. Haka ne?

Nan ne ya fi suna, musamman a Faransa, inda masu maganin ƙamshi ke danganta aikin da wasu sinadarai da ake kira italidiyon. Hujjar galibi shaidar masu amfani ce. A tuna kuma cewa jinin da ya kwanta bayan buguwa da kansa yake bajewa cikin mako biyu ko makamancin haka, don haka duk abin da aka shafa a kwana na uku shi zai kwashe yabo.

Tunda fata ba ta fashe ba, gwadawa ba ta da wata illa babba. A ranar farko a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tawul na minti 10 zuwa 15, a ɗaga wurin sama. Daga nan, sau biyu a rana, a shafa man da aka sirka da wani mai, a hankali, ban da murza da ƙarfi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambayi likitansa tukuna. Wanda kuma jini ke kwanta masa haka kawai ba tare da ya bugu ba, gwajin jini yake bukata.

Nawa ake zubawa, kuma a cikin wane mai?

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar mililita 5, wato kusan ɗigo 100. Ɗigo ɗaya na helikirisam a cokali ɗaya na man sirki ya ba da kashi 1 cikin 100, wanda ya isa fuska, kuma mai laushin fata ya sa ɗigo ɗaya a cokali biyu. Ga jiki, ɗigo biyu a cokali ɗaya. Ƙarin ɗigo ba ya ƙara saurin aiki, ƙaiƙayi yake ƙarawa.

Man zaitun, man riɗi, man kwakwa ko man johoba (na irin wani tsiron hamada) duk suna yi. Man kaɗanya ya fi su dacewa da hunturu, amma yana son dabara: a sa shi a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan ɗumi har ya narke, a sauke a bari ya huce. Idan ya fara yin fari-fari a gefen kwanon, tsakiya na nan da ruwa-ruwa, lokacin ɗigawa ya yi. A juya da cokali mai tsabta har ya haɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Idan aka ɗiga yana da zafi, kicin zai gume da ƙamshi, kuɗinki kuma sun bi iska. Kada a ɗiga shi a ruwan wanka ko ruwan wanke fuska. A sama zai tsaya, ya taɓa fata da ƙarfinsa duka.

Yaya zan san ko fatata za ta karɓe shi?

Ki shafa ɗan wanda aka sirka a cikin damtse, inda fata ke da laushi, ki bar shi kwana biyu. Ƙaiƙayi, zafi, ƙananan ƙuraje ko kumburi na nufin ki haƙura da shi. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ki dogara da abin da kike ji da kuma ko wurin ya yi duhu ko kaushi. Wanda ganyen shuwaka ko wasu furanni na dangin ke sa wa ƙaiƙayi ya fi kowa bukatar wannan gwaji. Borin fata kan iya zuwa bayan makonni ana shafawa lafiya lau, musamman idan man ya tsufa. Duba amsar ƙarshe kan ajiya.

An yi mini aiki wajen haihuwa. Zai goge tabon?

Allah ya raya, ya ƙara lafiya. Babu man da ke goge tabon tiyata ɗungurum. Tabo yana ci gaba da sauyawa da kansa har shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: ya fara da tauri da duhu, a hankali ya kwanta ya yi laushi. Kada komai ya taɓa wurin sai an cire zare, ɓawo ya faɗi, babu ruwa ko kaɗan, kuma ma'aikaciyar asibiti ta duba ta ce ya rufe.

Bayan nan, tausa a hankali da ɗan mai na 'yan mintuna kullum yana taimaka wa tabo ya yi laushi, kuma ko basilin ko man kaɗanya zalla zai yi wannan aikin. Abin da likitocin fata suka fi ba da shawara shi ne jel ko faifan silikon da ake liƙawa a kan tabon sa'o'i 12 ko fiye a rana na wata biyu zuwa uku. Idan kuɗin abu ɗaya kike da shi, silikon za ki saya. Idan kina shayarwa, karanta amsar masu ciki da jarirai kafin ki ƙara helikirisam.

Hujin kunnena ya yi tudu yana ta girma. Zai sace shi?

Ba zai sace ba. Wannan tabon da ke tasowa ya wuce iyakar raunin, wanda likitoci ke kira keloid, ya fi yawa a masu baƙar fata, yana bin jini a wasu gidaje, kuma yana son kunne, ƙirji, kafaɗa da haɓa. Likitan fata yakan yi masa allura a cikin tudun sau da yawa, wani lokaci a haɗa da wasu hanyoyi. Kada a bari wanzami ko mai kyamis ya yanke shi, domin yankewa kaɗai kan sa ya dawo fiye da da. Duk abin da ke tunzura wurin, har da mai mai ƙarfi, yana iya ƙara masa ƙaiƙayi.

Nankarwa, ƙurajen fuska, kyasbi da makero fa?

Nankarwa tsagewa ce a can cikin fata, mai ba ya ɗinke ta. Yana dai rage bushewa da ƙaiƙayi, ita kuma ta dushe da lokaci. Idan man bilicin ne ya kawo ta, to shafa helikirisam a kai alhali ana ci gaba da bilicin ɗin zuba ruwa ne a kwando. Ƙurajen fuska kuwa man kwakwa na iya ƙara su, don haka mai son gwadawa ta sirka da johoba. Baƙin tabon da ƙuraje ke bari ya fi jin daina matsa su da kare fuska daga rana. Kyasbi da makero ƙwayar cuta ce irin ta fangas ke kawo su, suna da magungunansu masu araha a kyamis, makeron kai ma sai an haɗa da na sha.

Baba yana da ciwon suga, ƙafarsa ta yi gyambo. Ai an gwada a ɓeraye masu suga?

An gwada, kamar yadda aka ambata a amsar bincike, amma yankan da aka yi wa ɓera a ɗaki mai tsabta ba ɗaya yake da gyambon dattijo ba. Mai ciwon suga jijiyoyin ƙafarsa kan mutu har ba ya jin ciwo, jini kuma ba ya isa wurin sosai, sai ƙwayar cuta ta ci ciki har ƙashi alhali sama ba ta nuna ba. Makonnin da za a ɓata ana shafe-shafe su ne ke kai mutum ga yanke ƙafa. A kai Baba asibiti a wannan makon, Allah ya ba shi lafiya. Haka hukuncin yake ga gyambon idon sawu na masu sikila, da duk raunin da ya wuce mako biyu bai nuna alamar rufewa ba.

Mai ciki, mai shayarwa da jarirai za su iya amfani da shi?

Ba a yi gwajin da ya tabbatar da amincinsa ga mai ciki ba, don haka a ajiye shi sai bayan haihuwa. Mai shayarwa kada ta shafa a nono ko inda bakin jariri da fuskarsa ke taɓawa. Jariri kuwa a'a, ko an sirka: fatarsa siririya ce, tana zuƙar abu fiye da ta babba. Cibiya tana da maganinta, jel ɗin kuloheksidin da ake bayarwa a asibitocin Najeriya, kuma shi kaɗai ya isa. Kaciya ma a bi abin da ma'aikacin lafiya ya ce. Ga yara ƙanana, basilin ko man kaɗanya zalla ya wadatar.

Ana shan sa?

Ba a sha, ko a shayi ko a zuma. Idan yaro ya kurɓa, kada a sa shi amai, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15.

Yaya zan gane na gaskiya da jabu?

Fara da sunan. Dangin helikirisam sun kai iri 600, da yawansu a Afirka ta Kudu da Madagaska suke. Man Helichrysum gymnocephalum na Madagaska ya fi araha nesa ba kusa ba, ƙamshinsa ya fi kama da na turare mai buɗe hanci, kuma sinadaransa daban ne. Na Afirka ta Kudu irin splendidum ma haka. Ba jabu ba ne idan an faɗi sunansu, amma duk maganar fata da ke wannan shafi kan italicum ake yinta. Kwalbar kirki tana ɗauke da cikakken sunan tsiron, ƙasar da aka noma shi, lambar rukuni da ranar tacewa ko ta lalacewa. Manyan dillalai kan nuna takardar gwajin sinadarai. A takardar, na Kosika yakan nuna wani sinadari da ake kira neryl acetate mai yawa, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin uku, na Kuroshiya da Bosniya kuwa ƙasa da haka.

A gida, ki ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ki bari ya kwana. Na zalla zai tashi ya bar ɗan alamar rawaya. Idan kika tarar da da'irar maiƙo da haske ke ratsawa, an sirka shi da man girki. Wannan gwaji ba ya kama turaren roba da aka haɗa a masana'anta, don haka arha mai yawa ita ma shaida ce: kwalbar mililita 30 a kuɗin sabulun wanka ba italicum ba ce.

Kalaman da ake bugawa a kwalba cewa man "na matakin magani" ne, kamfanoni ne suka ƙirƙire su, babu hukumar da ke ba da wannan shaida. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu manyan kamfanonin irin waɗannan mayuka takardar gargaɗi saboda dillalansu na tallan cewa suna maganin cututtuka, har da Ebola. Lambar NAFDAC a kan kayan ganye ma ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta.

A ina zan ajiye shi da zafin garinmu?

A kwalbarsa ta gilashi mai duhu, murfi a ɗaure tam, nesa da taga da murhu da hannun yara. Iska da zafi da haske suna canja wasu sinadaransa su koma masu sa ƙaiƙayi, kuma zafin bazara na watan Afrilu yana hanzarta hakan. Firji ya fi, ko da wuta na zuwa tana ɗaukewa. In babu, ƙasan durowa a ɗaki mafi sanyi. Kada a juye zallansa a robar ruwa ko ta magani, yana cin wasu robobi.

Wanda kika haɗa da man kaɗanya ko zaitun, ki yi kaɗan wanda zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku, ki rubuta ranar haɗawa a jikin murfin, ki riƙa ɗiba da cokali maimakon yatsa. Idan zallan ya yi kauri, ko ya yi gajimare, ko ƙamshinsa ya koma tsami, ya tashi daga na shafawa.